Yadda ake rainon matasan 'yan wasa a sayar da su da riba a BuzzerBeater

A Zariya ba sai an yi wa kowa dogon bayani kan ƙwallon kwando ba. A garin nan Masai Ujiri ya taso, ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello, kafin ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka tarar da samari a Samaru ko Kongo suna riƙe da kulob a BuzzerBeater, wasan intanet da aka fara a 2007, inda kai ne mai kulob, kai ne manaja. Dalolin cikinsa na wasa ne, ba a cire su a banki. Amma ka'idojinsa ba su da sassauci, kuma hanyar da ƙaramin kulob ke tara kuɗi ita ce rainon yara da sayar da su a kan kari.

Ginshiƙin abin shi ne mintuna. Wasa ɗaya minti 48 ne, kuma yaro yana samun cikakken horon mako ne idan ya buga minti 48 a gurbin da kake horarwa. A mako kana da wasa uku: biyu na lig ranar Talata da Asabar, sai na kofi ko na sada zumunci ranar Alhamis. Ranar Juma'a ake lissafa horo. Wato gurbi ɗaya yana ba ka minti 144, rabon yara uku cif. Horon gurbi biyu yana ɗaukar yara shida, sai dai kowannensu yana tafiya a hankali fiye da na gurbi ɗaya. Idan kuɗinka kaɗan ne, yara uku sun ishe ka. Masu tara matasa bakwai ko takwas suna gutsura musu mintuna, a ƙarshen kaka sai su ga babu ko ɗaya da ya kai a yi cinikinsa. Kuma da zarar an fitar da kai daga kofi, ka riƙa shirya wasan sada zumunci kowane mako da kanka. Mantawa da shi asarar kashi ɗaya cikin uku na horon makon ne.

Wajen zaɓen yaro, fara da shekaru. Sababbin yara suna shigowa da shekara 18 ko 19 ta hanyar zaɓen ƙarshen kaka, kowane kulob yana ɗaukar uku. Ɗan 18 ya fi kowa saurin koyo, saurin yana raguwa duk shekara. Kaka ɗaya mako 14 ce, kuma kowa yana ƙara shekara ne lokacin da sabuwa ta kama. Saboda haka ɗan 18 da ka saya a mako na 12, a gaskiya ɗan 19 ka saya da kuɗin ɗan 18. Yi sayayyarka a makon farko ko na biyu, lokacin da kasuwa ta cika da sababbin yara.

Sai iyakar baiwa, wadda wasan ke nunawa daga mataki 0 zuwa 11. Mutane da yawa suna yi mata gurguwar fahimta. Ba ta ƙara wa yaro saurin koyo ko kaɗan. Abin da take faɗa maka shi ne inda zai tsaya: idan jimillar ƙwarewarsa ta kai wurin, horo sai ya koma ja da ƙyar. Wanda zai raini yaro kaka biyu ko uku ya sayar, mataki 6 ko 7 ya wadatar masa. Zuba duk jarin kulob a kan mai mataki 9 ko 10, alhali ba ka da kuɗin koci mai kyau balle na albashinsa nan gaba, ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin wuya ne.

Tsawo ma yana da tasiri. Gajere ya fi saurin koyon tsaron waje da jifa daga nesa. Dogo ya fi saurin koyon jifan ƙarƙashin kwando, tsaron ciki, cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando da kuma tare jifa. Daga nan wata dabara ke fitowa wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Kada ka ruɗu da abin da yaro zai koya cikin sauƙi, duba abin da zai yi masa wuya. Ƙwarewa tana tafiya daga 1 zuwa 20, sabon yaro kuwa ba ya wuce 7 a kowace. A ce ga dogaye biyu masu tsawon mita 2.10. Na farko yana da 7 a jifan ciki da 7 a tsaron ciki, amma bugun fas 1, riƙon ƙwallo 2, tsaron waje 1. Na biyu yana da 5 da 5 a ciki, amma fas 6, riƙo 5, tsaron waje 5. Na biyun za ka ɗauka. Tazarar mataki biyu a ciki za ka cike ta cikin 'yan makonni, domin jikinsa na son wannan horon. Ramin da ke wajen na farko kuwa zai cinye maka kaka guda, kuma sai ka sa shi a gurbin da zai riƙa zubar maka da ƙwallo.

Kafin ka taya yaron da ya riga ya buga wasanni, buɗe tarihinsa ka dubi yawan laifin da yake yi. Laifi shida ke fitar da ɗan wasa, kuma akwai waɗanda halinsu ne, horo ba ya gyara shi. Yaron da ake kora a minti na 30 ba zai taɓa cika maka 48 ba.

Yadda za ka tabbatar da mintunan shi ne wurin da aka fi yin kuskure. A shafin jera 'yan wasa, sa sunan yaron a layi uku na gurbin: mai farawa, mai canjinsa da na ajiya. Zaɓi umarnin da ke tilasta wa koci bin jerin yadda ka tsara shi, sannan ka zaɓi wanda ke barin ɗan wasa ya ci gaba ko da laifinsa ya yi yawa. Kada ka zo da 'yan benci da ba su da gurbi a jerin, domin idan tazarar maki ta yi faɗi a zubi na huɗu, koci yakan fitar da masu farawa ya sa duk wanda ya gani zaune, sai ka tarar da yaronka ya tsaya a minti 41. Idan hakan ta faru ranar Talata ko Asabar, lissafa gibin ka cike shi ranar Alhamis, ko da za a rage wa wani. Haka nan kada ka wuce gona da iri: yaron da ke buga minti 90 ko 100 a mako kuzarinsa zai faɗi, wasansa ya lalace, alhali abin da ya haura 48 ba ya ƙara masa horo.

A nan Zariya akwai ƙarin abin lura. Kada ka bar jera 'yan wasa sai ranar wasa, domin ana iya ɗauke wuta ko sabis ya tsaya. Ranar Juma'a da dare, da ka ga sakamakon horo, zauna ka jera wasanni ukun mako gaba ɗaya, ka duba nau'in horon da ka zaɓa tun kafin Alhamis da dare.

Kowane horo yana da gurbinsa. Tsaron waje da bugun fas a PG (gurbin mai tsara wasa da raba ƙwallo) ake yin su idan gurbi ɗaya ne. Jifa daga nesa a SG (gurbin mai jifa daga waje). Jifan ciki, tsaron ciki da tare jifa a C (gurbin dogon da ke ƙarƙashin kwando). Cafke ƙwallo na gurbi biyu ne, C da PF (gurbin dogo na biyu da ke taya shi). Horon gaba-da-gaba, wato ɗan wasa ɗaya da mai tsaronsa ɗaya, shi ma gurbi biyu ne, kuma yana da albarka ga ɗan 18, domin yana ɗaga kutsawa da riƙon ƙwallo tare, ya ɗan taɓa jifa. Makon da wasa biyu kawai gare ka, koma horon gurbi biyu don kowa ya samu rabonsa. Ga ɗan 18 a horon gurbi ɗaya, yawanci za ka ga mataki ɗaya cikin kusan mako biyu a ƙwarewar da ka sa a gaba. Akwai ci gaba a ɓoye tsakanin mataki da mataki, don haka makon da ba ka ga komai ya motsa ba, ba asara ba ne. Kada ka riƙa tsalle daga wannan horo zuwa wancan saboda gajen haƙuri.

Abin da ya fi wuya a fara da shi. Dogo ya koyi fas da tsaron waje yana 18 da 19, gajere ya koyi jifan ciki da tsaron ciki a wannan lokacin. Dalili biyu ne. Na farko, lokacin ne ƙwaƙwalwarsa ta fi buɗewa. Na biyu, albashi ana lissafa shi ne bisa ƙwarewar da gurbinsa ya fi dogara a kai, don haka waɗannan na gefe ba sa ɗaga albashi sosai, amma masu saye suna biyan su da tsada. Idan za ka sa dogo a PG, yi amfani da damar sauya wanda yake tsarewa, ya kai hari a matsayin PG amma ya tsare dogon abokan hamayya. Ajiye irin wannan gwaji ga wasan sada zumunci da kulob mai rauni.

Koci yana da mataki 1 zuwa 7, ana samunsa ta gwanjo. Na 4 ko 5 ya dace da ƙaramin kulob. Albashin ma'aikata yana hawa duk mako, don haka lokaci zuwa lokaci ka kwatanta naka da na kasuwa, wataƙila sabo ya fi araha.

Batun sayarwa kamar kiwon ragon layya ne: akwai ranar da abin da yake ci zai fara fin abin da yake ƙarawa. A wasan nan ranar a bayyane take, domin albashin ɗan wasa ba ya motsi a tsakiyar kaka, sai sabuwa ta kama ake sake lissafa shi bisa ƙwarewarsa ta lokacin. Yaron da ka horar mako 14 yana karɓar tsohon albashi da sabuwar ƙwarewa. Idan ka san asusunka ba zai ɗauki sabon albashin ba, fitar da shi kafin kaka ta juya, yana nan da ƙananan shekarunsa a rubuce. Kulob ɗin da ke neman hawa aji ko gudun faɗuwa sukan buɗe aljihu idan wasannin ƙarshe sun matso. Haka kuma idan horo ya fara ja saboda ya kusa iyakar baiwarsa, kowane mako da ka ƙara masa ka hana wani yaro ne.

Gwanjo kwana uku yake yi, kuma yana ƙarewa daidai lokacin da ka buɗe shi. Yawancin manajoji masu kuɗi suna Turai, irin su Italiya, Sifaniya, Jamus da Poland. Agogonmu ɗaya da nasu a lokacin sanyinsu, a lokacin zafi kuma sun riga mu da awa guda. Saboda haka sa yaro a kasuwa tsakanin magariba da bayan isha, ya ƙare suna zaune a gida. Wanda ya sa nasa bayan asuba, shi da masu neman ɓagas kawai za su haɗu. Kafin ka yanka farashin farawa, nemo yara masu shekaru, tsawo da ƙwarewa irin nasa, ka bi gwanjonsu har ƙarshe ka ga nawa aka saya, ba nawa aka nema ba. Farashin farawa ya zama mafi ƙarancin abin da za ka iya haƙura da shi, domin da zarar an taya, ciniki ya faɗa.

Saye yau a sayar jibi ba ya biya, saboda harajin da ake cirewa yana da nauyi ga ɗan wasan da bai daɗe a hannunka ba, yana raguwa ne da daɗewarsa. Sannan ka kiyayi ciniki da abokin ɗakinka ko wanda kuke amfani da waya ko intanet ɗaya. Masu kula da wasan suna bibiyar cinikin da farashinsa ya kauce wa hankali, suna iya ƙwace kuɗin ko su rufe kulob ɗin. Idan ku biyu kuna wasa daga gida ɗaya, kowa ya yi kasuwarsa da baƙi, kada ɗaya ya taya ɗan wasan ɗaya.