Yadda za ku taimaki hanjinku ya riƙa tsotsar kalsiyam da kyau

Mutane da yawa sun ɗauka in dai an sha nono ko an haɗiyi ƙwayar kalsiyam to shikenan ya tafi ƙashi, alhali wajen kashi 30 cikin ɗari ne kawai jikin babba ke tsotsa, sauran duk bayan gida yake bi. To akwai wani irin faiba da ake ce wa firibayotik, kamar inulin, wanda ƙaramin hanji baya iya narkar da shi, sai ya wuce babban hanji inda bakteriya masu amfani ke cinye shi su fitar da wani ɗan tsami, wannan tsamin ne ke narkar da kalsiyam da maganiziyam har bangon hanjin ya samu ya tsotse. A 2005 an fitar da wani bincike da aka yi a Amurka kan yara masu tasowa, an ba su giram 8 na irin wannan faiba kullum har shekara guda, aka ga sun fi tsotsar kalsiyam kuma ƙashinsu ya fi tara ma'adinai.

Abu na farko, kuma wallahi nan ne ake yawan kuskure, sai kalsiyam ɗin ya shiga ciki tukunna, domin faiba baya ƙirƙirar shi, taimakawa kawai yake. Babba na buƙatar kusan miligiram 1,000 a rana, matasa kuma sun fi haka. Kindirmo, nono, madara, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, duk suna da shi. Kar ku raina wannan maganar, binciken da aka yi a Jos aka fitar a 1999 ya nuna yaran da ƙafarsu ta gwame sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai, wato rashin kalsiyam a abinci ne matsalar.

Na biyu sai ku kawo faiban. Albasa da tafarnuwa su ne mafi sauƙi, inulin na cikinsu, ku yawaita su a miya, a kwaɗon zogale ku yanka ɗanyar albasa ba rowa. Wake ma yana da nashi irin, haka alkama da ba a cire dusarta ba, da ayabar da bata gama nuna ba. Ni dai na fi son a haɗa su a kwano ɗaya, misali kwaɗon zogale da albasa da ƙuli, ko wake da kifi, ko a yanka ayaba cikin kindirmo.

Na uku ku kula da hatsi. Gero, dawa, masara da shi kansa waken suna ɗauke da fitet, wani sinadari da ke riƙe kalsiyam da zink da ayon (sinadarin ƙarfe) ya hana jiki ɗauka. Maganinsa jiƙo ne, a jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan kafin a dafa, gero kuma a bari ya tsima kamar yadda ake wa koko, iyayenmu sun daɗe suna yi. Alayyahu kuma yana da kalsiyam amma wani sinadari da ke cikinsa mai suna okzalet na riƙe mafi yawa, kar a dogara da shi.

Sannan a bi a hankali don Allah, in kuka loda albasa da wake rana ɗaya ciki zai kumbura, iska ta dame ku, ku riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan cikin sati biyu ko uku kuna shan ruwa sosai har hanji ya saba. Ku ɗan riƙa shiga rana saboda bitamin D, in babu shi to tsotsar ba zata yi ƙarfi ba. Mai ciwon ƙoda ko wanda hanjinsa ke yawan tashi ya fara tambayar likita kafin ya canza abinci ko ya sayi garin inulin a kemis.