Kurakuran da kuke ta maimaitawa a kan sikila da jinotayif

Wallahi na gaji, duk sanda aka kusa sa ranar wani sai ya turo min hoton takardar gwaji a WhatsApp wai malam duba min, kuma shirmen jiya dai shi ne na yau. Bari in zube su a nan kowa ya huta.

Tukuna ma ku san mece ce sikilar. DNA, wato bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, rubutu ne da haruffa 4 kacal, A, T, G da C, uku-uku ake karanta su. A kiromosom na 11, ɗaya daga cikin kundayen wannan rubutu, inda aka rubuta yadda jiki zai haɗa wani ɓangare na himogulobin, jan sinadarin nan mai ɗaukar iska a jini, akwai kalmar GAG, sai harafin tsakiya ya canja ta koma GTG. Shi ke nan fa, kamar ɗigon da ya raba dal da zal a allo. Wannan harafi ɗaya shi ke lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Himogulobin lafiyayye A ake ce masa, mai wannan canji kuma S, kowa na gadon ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, haɗinsu shi ne jinotayif: AA, AS mai ɗauke da shi, SS mai ciwon.

Kuskuren da ya ci ni shi ne lissafin ɗaya cikin huɗu, wato yiwuwar haifar SS in AS ya auri AS. Ni AS, maman yarana AS, kuma mun sani sarai kafin aure, amma wani abokina mai ji da boko ya ce ai ɗa na huɗu ne ke zuwa SS, ku haifi uku ku tsaya, ni kuma dama so ya rufe min ido sai na hau kai na zauna. Ɗanmu na fari yana wata bakwai hannuwansa suka kumbura suntum, ko taɓa yatsunsa aka yi sai ya canyara ihu. SS. Ƙanwarsa ma SS. Kowane ciki sabon lissafi ne jama'a, kamar jefa kwandala, ita kwandala ba ta tuna gefen da ta faɗi jiya. Kana iya haifar shida ba SS ko ɗaya, kana iya jera uku. Duk mai gaya maka wai na huɗu ne, ka tambaye shi ko ya taɓa tsayawa a barandar asibiti ƙarfe biyun dare cikin hunturu yana kiran mutane a waya a taimaka masa da leda ɗaya ta jini. Ni na tsaya, ba sau ɗaya ba.

Sai gwajin kansa. Wancan mai araha da ake ɗiga jini a gilashi a leƙa, nuna maka kawai yake akwai S, bai raba AS da SS, wanda ake kira elektoroforesis za ka nema. In an yi maka ƙarin jini ka jira wata uku, in ba haka ba jinin wani za a karanta maka. Ni dai ƙannena sai sun yi a wuri biyu daban nake yarda, kuma ina zaune ake ɗibar jinin, don takarda kowa na iya bugawa. Tun da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024 wasu takardar kawai suke nema su miƙa wa liman, haba, kanka kake cuta ko liman?

O positib rukunin jini ne, ba jinotayif ba, a daina haɗa su.

AC ma ba AA ba ce. A daidai waccan kalma GAG ne ta koma AAG, an fi samunta a arewacin Ghana da Burkina Faso, in ta haɗu da AS ana iya haifar SC, shi ma ciwo ne.

Dangin miji kuma ku ji tsoron Allah ku daina cewa matar ce ta kawo muku wabi gida, S ɗaya daga ɗanku ta fito. Auren zumunci bai ƙirƙirar harafin, haɗa masu ɗauke da shi dai yake yi. Jiƙo bai mayar da SS ta koma AA, kar ku ba da kuɗinku. AS ba majinyaci ba ne, har ma yana da ɗan kariya daga maleriya mai tsanani, shi ya sa abin ya yaɗu a ƙasashen sauro irin namu, amma ya shiga gidan sauro kamar kowa.

Kuma ba kowane sauyin DNA ake gada ba. Hayaƙin sigari na lalata ta huhu, zafin rana na lalata ta fatar zabiya har ya kai ga ciwon daji, funfunar gyaɗa da masara na taɓa ta hanta, duk waɗannan a jikin mai su suke tsayawa. Ni shi ya sa gyaɗar da na ɓare na ga ta yi kore ko na ji ɗaci, tofarwa nake, kuma na hana a riƙa tsince rubabbiya a yi wa yara ƙuli da ita.