Yadda Ake Karanta Ƙoƙon Katantanwar Ruwa

Kafin ka ce wannan katantanwa tana yaɗa tsargiya, waccan ba ta yi, sai ka san sunayen sassan ƙoƙonta. Tsini shi ne kan ƙoƙon, inda murɗa ta soma. Kowane zagaye ɗaya murɗa ce, ana ƙirga su daga tsini zuwa ƙasa. Baki shi ne kafar da jiki ke fitowa. Ginshiƙi shi ne sandar tsakiya da murɗa ke kewayawa. Wasu kuma suna da murfi mai tauri da suke rufe baki da shi.

Riƙe ta tsini sama, baki yana kallonka. In ka juya ta, hagu da dama za su rikice maka, kuma a nan masu koyo suka fi kuskure.

Fara duba murfi. Masu murfi, irin su Pila da Lanistes, ajiye su gefe, ba su ne masu ɗaukar tsargiyar mutane a Afirka ba. In babu murfi, sai ka dubi baki. Baki a hagu, ƙoƙo yawanci bai kai santimita 2 ba, mai yiwuwa Bulinus ce, mai ɗaukar tsutsar Schistosoma haematobium da ke sa fitsarin jini. Amma a yi hattara: Physa, wadda ba ta ɗaukar tsargiya, ita ma bakinta a hagu yake. Ƙoƙonta ya fi sheƙi, tsininta ya fi kaifi, jininta kuma ba ja ba ne, na Bulinus kuwa ja ne. Baki a dama, mai faɗi, ƙoƙo marar kauri, to Lymnaea ce, mai ɗaukar tsutsar hantar shanu. Wadda ta kwanta fai-fai kamar an naɗe gammo ita ce Biomphalaria, ta tsargiyar hanji.

Siffa dai ba ta nuna ko tana ɗauke da cuta. Sa kowace ɗaya a nata ƙaramin gilashi da ruwa mai tsabta, ka ajiye a haske kamar awa 2, daga hantsi zuwa azahar. In tana ɗauke da cutar, da madubin ƙara girma za ka ga ƙananan tsutsotsi masu jela mai reshe biyu suna iyo. Kada ruwan nan ya taɓa fatarka, ta fata suke shiga, don haka safar roba da hantsaki dole ne. Wadda za a adana a jiƙa ta cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70, a rubuta wuri da kwanan wata da fensir, domin sifirit yana wanke tawada.