Kurakuran da shugabannin ƙungiyar ɗalibai suka fi tafkawa

Da zarar zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya ƙarato, bangon hostel da na ɗakunan lakca sai su cika da fostoci, kowa ya zama kwamared. Wata uku da rantsarwa, waɗanda suka yi ta ihun "sai kai" su ne kan gaba wajen zagi. Daga Samaru zuwa sabuwar BUK har Sakkwato, kurakuran kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu suna da magani.

Tun a wajen kamfen ake soma ɓata rawa da tsalle. Ɗan takara ya hau benci ya ce zai rage kuɗin makaranta, alhali hukumar gudanarwar jami'a ce ke yanke shi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, babu shugaban ɗaliban da ya iya buɗe aji ko ɗaya. Ka yi alƙawarin abin da hannunka zai kai: famfon da ya ƙafe a hostel ɗin mata, fitilun hanyar laburare, kuɗin motar da ke jigila tsakanin tsohuwa da sabuwar makaranta, farashin masu sayar da abinci. Ko teburi kuka kafa kuna taya sababbin ɗalibai cike takardar neman rancen karatu na asusun gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, za a daɗe ana sa muku albarka.

Sai batun kuɗi, inda mutunci ya fi zubewa. Ana karɓar kuɗin ƙungiya daga dubban ɗalibai, a kashe a makon ɗalibai da ɗinka riguna, rasit kuwa babu. Ko ba ka ci sisin kwabo ba, wa zai yarda? Kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku, kuma a ƙarshen kowane zangon karatu a liƙa lissafin shiga da fita a allon sanarwa, a tura shi zaurukan WhatsApp na kowane aji. Ambulan ɗin 'yan siyasar gari ma a yi hattara da shi. Wanda ya biya maka kuɗin fosta, ranar da ya buƙaci taron matasa zai aiko a kira ka, kuma ba za ka iya cewa a'a ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne fara zanga-zanga kafin a ƙure tattaunawa. Ana yawan kafa hujja da "Ali Must Go" ta 1978, lokacin da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya tayar da jami'o'in Najeriya a kan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya. Gaskiya ne ta girgiza gwamnatin Obasanjo, amma an rasa rayuka a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS. A watan Mayun 1986 ma 'yan sanda sun harbe ɗalibai a ABU. Yau ko ba a kai ga haka ba, abin da kan biyo baya sananne ne: a rufe makaranta, a kora kowa gida, a dawo da kuɗin ɓarna a kan kowane ɗalibi, wani lokaci a rushe ƙungiyar a naɗa kwamitin riƙo. Kafin a kai nan, a rubuta takarda zuwa ofishin harkokin ɗalibai, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, a nemi zama da Din, wato shugaban ofishin, a rubuta abin da aka cimma da ranar cika shi. Idan aka saɓa, hujja tana hannunku.

Masu zaɓe ma da nasu laifin. A zaɓi mutum don ɗan jiharmu ne ko ɗan sashenmu, ba a ko tambayi me ya taɓa yi yana shugaban aji ba.

Na ƙarshe, karatu. Taro da safe, taro da dare, sai sakamako ya fito da kwasa-kwasan da za a maimaita. Lakcara ba ya ƙara maki don kana shugaba. Ka raba aiki da mataimakinka da sakatare, kuma idan jarabawa ta rage sati biyu, a dakatar da duk taron da ba na gaggawa ba.