Shawara ga masu shirin ɗaukar ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa mata na Garwa, Marwa da kewaye. Ƙwaƙwalwar jariri da lakarsa daga wani siririn bututu suke fitowa, wanda ke naɗewa a bayan ɗan tayi ya rufe kansa wajen kwana 28 da shigar ciki. Saman ya zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama laka. Ku lura da lokacin: mace ba ta ma gama tabbatar da ɓatan wata ba, aikin ya ƙare. Mu kuwa sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar muke zuwa awo.

Idan ƙasan bututun bai rufe ba, a haifi yaro da ƙullutu ko rami a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi, fitsari ba riƙo. Idan saman ne, da wuya ya rayu.

Abin da ke rage wannan haɗari shi ne shan ƙwayar asid folik, wani nau'in bitamin, maikirogiram 400 kullum, tun aƙalla wata guda kafin ciki har watanni uku na farko. Ƙwayar ba tsada a kantin magani. Zogale, alayyafo, wake da gyaɗa suna taimakawa, kuma tun 2011 ake ƙara asid folik a fulawar Kamaru, amma wannan bai wadatar ba.

Wadda ta taɓa haifar irin wannan yaro, ko take shan maganin farfaɗiya, ta ga likita tukuna, adadin asid folik ɗin da za ta sha daban ne. Kada ta daina maganinta da kanta.