Inshorar lafiyar kare a Ingila: kurakuran da na gaji da gani

Sau uku cikin wata biyu ana kirana da dare a kan magana ɗaya: kare ya kwanta, likitan dabbobi ya yanka kuɗi, kamfanin inshora ya ce ba ruwansa. Na ƙarshe wani ƙanenmu ne da yara suka matsa wa ya sayo musu kwikwiyo. Ya ce, "Yaya, ai duk wata ina biyansu." Na ce to, me ka saya da kuɗin? Sai ya yi shiru.

A ƙasar nan mutum yana da NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati da ke duba mutane kyauta, kare ba shi da ita. Daga ganin likita har hoton ƙashi da tiyata, komai daga aljihunka ne, sai fa masu ƙaramin ƙarfi da ke karɓar tallafin gwamnati, su ƙungiyoyi irin su PDSA da Blue Cross kan taimaka musu. Batun halaccin inshora kuwa, kowa ya tambayi malaminsa, ni ba nan na dosa ba.

Bari in fara da wanda ya ƙone ni. Karena Zaki, jinsin Labrador ne, yana da shekara 5 lokacin da takardar sabunta inshora ta zo da ƙari. Raina ya ɓaci. Na hau intanet, na sami wani kamfani da ya fi araha da fam 14 a wata, na sauya a daren, har ina yi wa maiɗakina alfahari. Bayan wata 7, muna filin wasa yana bin ƙwallo, sai ya yi ƙara ya ɗage ƙafar baya ta hagu. Jijiyar gwiwa ta tsinke, sai tiyata. Sabon kamfanin ya nemi tarihin lafiyarsa gaba ɗaya daga asibitin dabbobi, kamar yadda dukansu ke yi. A ciki suka tsinci layi ɗaya na shekara 2 baya: ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, an ba da maganin ciwo, a huta. Ni na ma manta da ranar. Suka ce tsohon ciwo ne, ya riga yarjejeniya, ba za su biya ko sisi ba. Da ina tsohon kamfanin, da an biya. Fam 98 na tsira da ita, na fitar da sama da fam 3,500, kuɗin da muka tara na zuwa gida hutu. Shekarar nan ba mu je ba, kuma har yau in an tashi tsokanata a gidan da ita ake farawa.

Ku gane wannan da kyau: duk abin da likita ya taɓa rubutawa, ko ƙaiƙayin kunne ne, ko gudawar kwana biyu, ranar da ka sauya kamfani ya zama tsohon ciwo. Kuma akwai wani tarko a kan gaɓoɓin da suke biyu biyu, gwiwa, ƙugu, kunne, ido. Kamfanoni da yawa suna ɗaukar ciwon hagu da na dama a matsayin cuta ɗaya. In an cire gwiwar hagu daga inshorar, ta dama ma ta tafi, alhali karen da ya tsinke ɗaya sau da yawa yakan tsinke ɗayar. Abin da nake yi yanzu, duk shekara ina karɓar kwafin tarihin Zaki in karanta da kaina. In kuɗin wata ya hau, ina kira in yi ciniki kamar ina kasuwa, ko in yarda a ƙara kason da ni zan fara biya kafin su sa hannu. Sauyawa dai na daina. Wasu za su ce na cika tsoro. Su ba su biya 3,500 ba.

Na biyu shi ne na ƙanen nan namu, kuma shi ya fi yawa: sayen mafi araha ba tare da sanin irinta ba. Iri huɗu ne. Akwai ta haɗari kaɗai, wadda ba ta san cuta ba. Akwai ta wata 12, wadda ke biyan kowace cuta na shekara ɗaya daga farawarta, sannan ta rufe ta har abada. Akwai mai iyakar kuɗi a kan kowace cuta, in ya ƙare shi ke nan. Sai ta tsawon rai, wadda iyakar kuɗinta ke dawowa sabuwa duk shekara muddin ba ka yanke biya ba. Shi ta wata 12 ya saya wa French Bulldog, jinsin da kowa ya sani da matsalar numfashi da ta fata. Karen ya kamu da ƙaiƙayin da ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa da magani. Wata 12 suka cika, aka rufe. Ya nemi wani kamfani, aka ce tsohon ciwo. Haba ɗan'uwa! Ciwon suga, amosanin gaɓoɓi, farfaɗiya, wanne ne a cikinsu yake ƙarewa a shekara? Araha ba ta ado. Mutum zai kwana yana kwatanta wayoyi kafin ya sayi ɗaya, amma takardar da za ta iya cinye masa albashin wata biyu ba zai karanta shafi uku ba. Ni ta tsawon rai kawai nake ba da shawara, tun kare yana kwikwiyo, tun littafinsa yana fari.

Masu jira sai kare ya fara amai su ruga su sayi inshora, ihu bayan hari ne. Yawanci akwai kwana 14 na jira kafin a fara biyan cuta, kuma abin da ya bayyana a cikinsu ba ya shiga. Masu ɓoye gaskiya a fom kuma, littafin likita zai tona su.

Allurar rigakafi, dandaƙa, maganin ƙuma da na tsutsar ciki, duk naka ne, kuma in ka tsallake allura kare ya kamu da cutar da take karewa, kada ka sa rai. Haƙori sai kana kai shi dubawa duk shekara. Kare in ya kai shekara 8 ko 9, kamfanoni da dama sukan ɗora maka kashi 10 ko 20 cikin ɗari na kowane magani, ka tanadi wannan tun yanzu.

Wani abu da ya shafe mu musamman: mu mun taso da sanin kare na gadi ne ko na farauta. To yawancin inshorar karen gida ba ta ɗaukar karen da aka sa aikin gadi. In a shago ko gareji yake kwana, ka faɗa tun farko. Ka kuma duba ko akwai sashen biyan diyya in ya ciji wani ko ya jawo haɗarin mota. Tun Afrilun 2016 doka ce a dasa wa kare ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, tarar rashin yi tana kai wa fam 500. Jinsin XL Bully kuma, daga 1 ga Fabrairun 2024 laifi ne riƙe shi a Ingila da Wales ba tare da takardar izini ba, don haka kada wani ya sayar maka da shi da sunan rahusa.

In an ƙi biyanka kana ganin zalunci ne, ka rubuta wa kamfanin ƙorafi. Suna da mako 8 su ba da amsa. In ba ta gamsar da kai ba, kana da wata 6 ka kai ga Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi da na inshora, kuma kyauta ne. Ni ban kai nawa ba. Layin yana nan a rubuce, ƙafar hagu ce, kuma ni da kaina na kai shi asibitin ranar.