Tayar da Volkswagen Variant da ta daɗe a kwance: aikin da zai sa ta jure zafin Garwa

Motar da muke magana a kanta ita ce Volkswagen Type 3 mai dogon baya, wadda ake kira Variant, ƙirar Jamus daga 1962 zuwa 1973. Ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa. Iska da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya injinta, injin kuma a shimfiɗe yake can baya ƙarƙashin wurin kaya, shi ya sa take da but biyu, gaba da baya. A Garwa, Marwa ko Njamena, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, duk ƙarkon aikinka ya rataya ne a kan hanyar da iska ke bi ta isa jikin silinda. Fenti da kujeru su jira tukuna.

Kafin ka biya kuɗi

Ɗaga kujerar baya. A kan tudun ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar za ka ga lambar shasi. Daga samfurin 1965, lambar Variant tana farawa da 36, lamba ta uku kuma ita ce shekara: 367 na nufin samfurin 1967. Ka gwada ta da abin da ke rubuce a kart-giriz, wato takardar rajistar mota. In babu takarda, ko magada ba su daidaita kan sayarwar ba, kada ka kwance ko noti ɗaya sai an warware wannan.

A ƙarƙashin kujerar nan batir yake zama, kuma nan ne tsatsa ke fara ci saboda ruwan batir. Ka soka sukuddireba a wurin, da gindin ƙofofi, da ramin safaya a gaba. Motar da ta yi zamanta a arewa galibi ƙarfenta lafiya lau, roba ce rana ta kashe. Wadda aka hauro da ita daga Duwala kuwa, ko wadda ambaliyar Binuwai ta taɓa shanyewa, sai ka duba ta sau biyu.

Farkar da injin

Kada ka ɗaura batir ka murɗa makulli don ka ji ko za ta tashi. Zobban fistin sun manne da tsatsa, bugu ɗaya ya isa ya karya su. Cire fulogi huɗun, waɗanda makanikanmu ke ce wa buji, ka zuba cokali biyu na man giya na otomatik haɗe da kananzir a kowane rami, ka bar shi kwana huɗu ko biyar. Sannan ka sa giya ta huɗu, mutum biyu su riƙa girgiza motar gaba da baya a hankali. In injin ya juya, madalla. In ya ƙi bayan mako biyu ana ƙara jiƙo, a sauke shi kawai. Noti huɗu na lamba 17 ke riƙe shi da giyabos, ban da sandar baya a samfuran ƙarshe, nauyinsa kuma kilo ɗari da 'yan kai.

A gaskiya ko ya juya, saukewar ta fi. Dalili na tafe.

Zubar da tsohon mai, ka kwance faifan ƙasa mai noti shida, ka fito da rariyar da ke ciki. Wannan inji ba shi da filta, rariyar nan ce kawai. In ka ga ruwa ya riga mai fitowa, ka leƙa ƙasan kaskon injin sosai: da maganiziyam aka zuba shi, ruwan da ya kwanta shekaru yana cinye shi ya bar ramuka kamar gara ta ci itace. Notocin shida ba sa son ƙarfi, Nm 7 ne kacal a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti, kuma da sabon gasket da sababbin wasan jan ƙarfe. Mai lita 2.5 yake ɗauka. A yanayinmu SAE 40 ko 20W-50.

Da injin a ƙasa, auna wasan karanshaf gaba da baya a jikin filawil. Ya kamata ya tsaya tsakanin 0.07 da 0.13 na milimita. In ya wuce 0.15, ko kana jin ƙwas-ƙwas da hannu, boris ɗin wajen filawil ya fara cin mazauninsa, sai an raba kasko an kai wa mai injin gyaran ƙarfe. Canza sil ɗin filawil a wannan yanayi ɓarnar kuɗi ce, zai sake yoyo cikin wata guda.

Bawul ana saita su ne injin na sanyi ƙalau, 0.15 na milimita, na shiga da na fita duka. Jerin wuta 1-4-3-2. In ka tsaya a bayan mota, 1 da 2 suna dama, 3 da 4 suna hagu, 1 da 3 su ne na wajen giyabos. Bakin kwantak 0.4, bakin fulogi 0.6 zuwa 0.7. Bayan haka a auna matsin kowane silinda: ƙasa da bar 7 ya gaji, kuma in ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa da yawa, mafi yawan lokaci na 3 ne, bawul ɗin fitarsa ya ƙone. Bawul ɗin fita da ke ta matsewa duk lokacin da aka duba, wuyansa ne ke miƙewa, yana dab da tsinkewa ya faɗa kan fistin. A canza huɗun gaba ɗaya, ba su da tsada in aka kwatanta da inji.

Hanyar iska

Ga dalilin sauke injin. Motar da ta yi shekaru a ƙarƙashin dalbejiya ta zama gidan haya: ɓeraye sun tara tsumma da ɓawon gyaɗa a cikin gidan fanka, zanzaro ya gina ɗakunan laka a tsakanin haƙarƙarin silinda, ƙurar hunturu ta haɗu da yoyon mai ta zama kwalta. Daga waje ba a ganin ko ɗaya. Injin zai tashi, ya yi ƙara mai daɗi a gareji, ya je ya narke kafin Figil. Sai an cire duk faranten ƙarfen da suka lulluɓe shi, a bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya da waya da kananzir da iskar kwamfiresa, har ka hango haske ta tsakaninsu.

Fankar Type 3 a bakin karanshaf take, ba a kan dinamo ba kamar ta Volkswagen Bitil. Amfanin haka, in bel ya tsinke caji ne zai tsaya, sanyaya ba za ta tsaya ba. Amma tana da nata rauni. Iska tana shiga ta tagogin da ke jikin fenda na baya, ta gangara cikin bodi, ta ratsa wata babbar roba mai kama da zugazugi kafin ta kai fanka. In robar nan ta yage ko babu ita, fanka za ta riƙa zuƙar zafin salansa da ƙurar ƙarƙashin mota ta hura wa injin. Wannan roba ita ce abu na farko da za ka nema, tun kafin fistin. Ta Type 3 ce kaɗai, ba a samunta a jikin Bitil, don haka sai an yi oda. Kafin ta iso, mai ɗinkin tamfol zai iya haɗa ta wucin gadi da robar tayar ciki ta babbar mota, a ɗaure bakin biyu da zoben ƙarfe, amma a riƙa duba ta kowane mako.

Kowane farantin ƙarfe yana da aikinsa. Makanikai da yawa suna yar da ƙananan da ke ƙarƙashin silinda wai don injin ya sha iska. Kuskure ne babba: su ne ke tilasta iskar ta zagaya ƙasan silinda maimakon ta zube ta gefe. Haka robobin da ke toshe ramin fulogi a kan waya. Haka kuma bututun hita. Ba mai buƙatar hita a Kusiri, kuma tsofaffin tukwanenta in sun tsage hayaƙi mai kisa suke turowa cikin mota, don haka cire ta daidai ne. Amma in ka cire, ka toshe bakunan da ke jikin gidan fanka, in ba haka ba iskar da ya kamata ta bi kan silinda za ta tsere ta nan.

Akwai ƙofofin iska da tamostat ke buɗewa. Ka tabbata ba su ƙage a rufe ba. Na'urar sanyaya mai, wadda ke kwance a gefen hagu, a wanke cikinta da wajenta, a sa mata sababbin sil biyu. Tsofaffin sun zama dutse, kuma yoyonsu ne ke jiƙa haƙarƙari ƙura ta manne.

Fetur da wuta

Tanki yana gaba, lita 40. A sauke shi, a zuba tsakuwa da kananzir a jijjiga har tsatsa ta daina fita, a shanya. Kada mai walda ya kusance shi da wuta sai an cika shi da ruwa. Bututun ƙarfen da ya bi ta cikin shasi a hure shi da iska, duk tiyon roba kuma a canza, ko da ya yi kyau a ido. Gobara na yawan cinye waɗannan motoci, kuma sanadinta kusan ɗaya ne: tsohon tiyo, ko ɗan bututun tagulla na bakin kafireta da ya saki ya zare, fetur ya watsu kan inji mai zafi. A buga bututun ya zauna daram, a ɗaure tiyo da zobe. Filtar fetur a sa ta ƙarƙashin tanki, kada a rataye ta tsakanin famfo da kafireta, nauyinta ne ke jan bututun. Mai shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi na kwalba, ya riƙa tace shi da kyalle, ya kuma ajiye filta biyu a mota.

Yawancin masu inji 1600 kafireta biyu gare su, Solex 32. Dole su ja daidai da juna. In ɗaya ta fi ƙarancin fetur, silinda biyun ɓangarenta za su fi zafi alhali direba bai ji komai ba. A saita su da ma'aunin zuƙa, salo ya tsaya wajen juyi 850 zuwa 900. In taka mai tsarin fesa fetur na Bosch ce, wanda aka fara sa wa waɗannan motoci a samfurin 1968, kuma wayoyinsa sun ruɓe, mayar da ita kafireta biyu ya fi sauƙi a nan, sai dai a canza famfon: na fesawa bar 2 yake turawa, kafireta kuwa wajen 0.2 take so.

In distiributa mai ƙara wuta da juyin inji ce, lokacin wuta a saita shi da fitila, tiyon zuƙa a cire, injin na juyi sama da 3000: digiri 28 zuwa 30 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Kada a wuce haka da fetur ɗin bakin titi. Saita wuta da kunne shi ke huda fistin.

Samfuran kafin 1967 bolt 6 ne. Mayar da su 12 yana da kyau, sai a canza dinamo da regileta, kwil, ƙwayaye, na'urar sigina, cok da motar waifa. Filawil na bolt 6 haƙora 109 gare shi, na 12 kuma 130, don haka sitata da filawil tare suke tafiya.

Birki

A canza tiyon roba huɗun duka. Suna kumbura ta ciki, mai ya tafi ya kasa dawowa, taya ta riƙe ta yi zafi. Babban famfo da ƙananan na baya sababbi, mai DOT 4, a fara fitar da iska daga tayar baya ta dama. Notin gangar baya lamba 36 ne, yana son Nm 300 da sabon fil; in ya yi sako-sako haƙoran ganga za su cinye. Giyabos lita 2.5 na SAE 90. Wasan kuloci a feda milimita 10 zuwa 20.

Kayan gyara da kwaskwarima

Cikin injin, wato fistin, silinda, boris, bawul da famfon mai, ɗaya ne da na Bitil 1600. An harhaɗa Bitil a Legas daga 1975, da kuma wata motar Volkswagen mai suna Igala, don haka har yanzu ana tsintar kayansu ta Mubi, Yola da Kofar Ruwa a Kano, ga kuma sababbi ƙirar Birazil. Faranten iska, gidan fanka, salansa, gilasai da fitilu kuwa na Type 3 ne zalla. Kada ka bar ko ɗaya a hannun 'yan gwangwan, ko ya lanƙwashe.

Za a ba ka shawarar fistin mai faɗin milimita 87 a madadin 85.5 na asali, tunda yana shiga ba tare da an fafe kasko ba. Ka ƙi. Bangon silindarsa siriri ne, zafi na murɗa shi. Kuɗin ka sa su a abin da ƙasar nan ke buƙata: filtar mai ta waje, ƙarin na'urar sanyaya mai a inda iska ke bugawa kuma dutse ba ya kaiwa, da agogon zafin mai a gaban direba. Daga 80 zuwa 105 lafiya; in allura ta doshi 120 a sauka gefen hanya. Tukunyar tace iska ta asali mai mai a ciki ta fi ƙananan filtocin ado masu ƙyalli nesa ba kusa ba, a wanke ta duk wata lokacin hazo. Ƙarin kaskon mai na ƙasa kuwa, duk da amfaninsa, dutsen hanyar Mokolo zai fasa shi.

Hotunan Amurka za su nuna maka Variant an sauke ta har tana lasar ƙasa. Hanyoyinmu ba su yarda ba. Sandar murɗa ta baya, wadda ke aikin sifirin, tana da haƙora 40 a ciki, 44 a waje. Juya ciki haƙori ɗaya gaba, waje ɗaya baya, yana canza kusurwa ƙasa da digiri ɗaya, da haka ake dawo da bayan da ya zauna zuwa tsayinsa na asali. Kada a ɗaga fiye da haka a samfuran kafin 1969, tayoyin baya za su lanƙwaso ciki a kwana. Taya 165 R15, da faranti mai kauri a ƙarƙashin hanci.

A ciki, murfin injin yana buƙatar sabuwar roba da abin tare zafi a ƙasansa, ƙofar baya ma haka, don kada hayaƙi ya dawo wa na kujerar baya. Rufin a shafa masa fari ko ruwan madara, a sa soso mai kauri kafin silin. Kujeru a yi su da yadi, ko fatar dukawan Marwa in aljihu ya kai. Leda baƙa ba ta zaunuwa da azahar.

In an yi sabbin zobba, kilomita 500 na farko a riƙa sauya gudu, kada a wuce 80, sannan a zubar da mai a sake duba bawul. Daga nan mai duk kilomita 2,500 zuwa 3,000, bawul duk canji na biyu, kuma tafiyar Garwa zuwa Marwa a bazara a kama ta bayan sallar asuba.